Wa ke da ikon ba da izinin sa mari?

A Gaya, idan mutum ya samu taɓin hankali, sau da yawa babban wa ko kawu ne ke amincewa a ɗaure shi wurin malami, ko a ƙetara da shi Malanbil ko Kamba neman magani. Ba alƙalin da ya naɗa wannan waliyyi, ba kuma mai tambayarsa ranar kwancewa. A 2019 'yan sanda sun fid da mutum sama da 300 daga wani gida a Kaduna, wasu da mari a ƙafa, alhali galibi dangi ne suka kai su. Nijar ta rattaba hannu kan yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, ta tabbatar da ita a 2008. Ya kamata kotu ta naɗa waliyyi, likita ya faɗi dalili da wa'adi, a kuma saurari majinyacin da kansa.