Abin da muka tarar a ƙarƙashin akwatin motar ƙungiya



Duk wanda ya taɓa raka gawa ko marar lafiya daga unguwarmu nan Agege ya san farar Hilux ɗin ƙungiya. Da kuɗin karo-karo muka saye ta, ta hannu, ƙirar 2010. Ita ke ɗaukar makara, ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kwaso shinkafar rabo da azumi. Inji lafiya lau. Amma akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, wanda ya kewaye giya da birkin hannu, ya fi shekara biyu a fashe. Murfi ya ɓalle, aka ɗaure da roba. Roba ta tsinke, aka bar shi haka. Mota ce ta kowa, don haka kowa ya gani ya wuce.

Wata Juma'a muna hanyar maƙabarta da gawar wani dattijonmu, jami'an hanya suka tsayar da mu. Direba ya sa hannu a akwatin ya ɗauko takardu, ashe ledar ruwa ta fashe a ciki. Takardar inshora ta jiƙe ta manne da sauran, ba a iya karanta komai. Mun fi rabin awa a bakin titi, gawa a baya, 'ya'yan mamaci na kallonmu. Jami'an aikinsu suke yi. Kunyar tamu ce.

A taron da ya biyo baya, ma'aji ya ƙi. Ya ce kuɗin asusu na marayu ne da marasa lafiya, ba na kwalliyar mota ba. Ba mu ga laifinsa ba, irin wannan tsantsenin ne ya sa muka ba shi riƙon. Sai direba ya ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, a zo a gani da ido." Ya nuna mana wayar wurin cajin waya tsirara tana gogar ƙarfe, shi ya sa fiyus ke yawan ƙonewa. Ya kuma ce an taɓa samun sukudireba ta faɗa ramin birkin hannu ta hana shi sauka sosai. Ma'aji ya yi shiru, sannan ya ce a je a sayo.

Zuwanmu kasuwar Ladipo na farko, mu muka cuci kanmu. Ba mu je da mota ba, ba mu ɗauki ko hoto ba, "Hilux 2010" kawai muka ce. Muka samu wani mai kyau cikin kayan Beljiyam, da sauƙin kuɗi, muka dawo muna murna. Bakanike na gani ya yi dariya. Na mota mai giyar otomatik ne, tamu kuwa ta hannu ce, ga kuma ƙaramar giya ta biyu ta shiga laka da yashi, wadda ita ma ke buƙatar raminta. Ya ƙara mana da cewa mu riƙa lura da ɓangaren sitiyari, domin wasu kayan daga motocin ƙasashe irin su Japan da Ingila ake ciro su, masu sitiyari a dama, alhali Najeriya ta bar wannan tsarin tun 1972. Mai shagon ya yarda da musanya, amma da ciko. Mu uku da muka je muka haɗa cikon daga aljihunmu, ba mu koma wa ma'aji ba.

Karo na biyu da motar muka je, da bakanike, aka gwada kafin a biya. Ya cire kan batir tukuna, ya kwance kan giya, ya bi sukurorin da ke ɓoye a ƙasan akwatin, ya ɗaga tsohon.

Ƙarƙashinsa akwai ƙura, da ƙwallon dabino, da carbi tsinkakke, da sukudirebar nan. Sai kuma wani ɗan littafi da ya yi baƙi. Littafin rasit ne na kuɗin wata-wata, wanda ya ɓata shekara biyu da suka wuce.

Da yawanku kun tuna rigimar. A kan littafin nan aka zargi yaron da ke karɓar mana kuɗi a lokacin. Ya rantse cewa a mota ya ajiye, aka duba ba a gani ba. Ba wanda ya kira shi ɓarawo a fili, amma gaisuwa ta canza. Bai daɗe ba ya ajiye aikin ya koma gida Katsina. Ashe ta tsagar akwatin ya zurare.

A daren muka zauna da ma'aji muka bi shafi-shafi. Lissafi ya cika, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Shugaba ya kira shi a gabanmu, ya sa waya a amsa-kuwwa, ya ce, "Ɗana, mun zalunce ka, ka yafe mana." Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce ya yafe, sai dai yana roƙon a faɗa a gaban jama'a, tunda a cikin jama'a aka yi zargin.

To, ga shi mun faɗa a nan, kuma za a maimaita ranar Lahadi bayan la'asar a wurin taro. Takardun mota yanzu suna cikin leda a sabon akwatin, kwafinsu yana hannun sakatare.