Lokacin da intanet ba ta san Katanga ba

A Katangar da muka tashi, yaro ba ya ɓacewa. In an aike ka kai fura gona ka biya wurin langa, kafin ka dawo labari ya riga ka isa gida. Mai facin keke ya gan ka, 'yan mata masu ɗibar ruwa sun gan ka, dattijon da ke saƙar tabarma a zaure ya lura da wucewarka. Baƙo kuwa in ya sauka daga mota, tambaya biyu ake yi masa, daga ina, gidan wa, sai a haɗa shi da yaro ya raka shi har ƙofa.

A wajen gari lamarin ya sha bamban. Wasiƙa ba ta san hanyar gidanmu ba, sai an rubuta ta hannun wani mai akwati a gidan waya na Jega, ta yi kwanaki a shagonsa kafin a samu mai tahowa. In mutum ya tafi cirani Kudu aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, sai dai cigiya a Rediyo Rima, ko a ba direbobin da ke ɗaukar albasar Aliero sallahu. Har bayan da aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, haka muke.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agustan 2001, amma sai da aka ɗauki shekaru kafin sabis ya zauna sosai a ƙauyukanmu. Na tuna mutane a kan tudu da la'asar, kowa ya ɗaga waya sama yana neman sanda ɗaya. A lokacin ne “kana ina?” ta zama abin da ke bin sallama, kuma a lokacin ne mutum ya fara iya cewa ga shi nan kan hanyar Maiyama alhali yana kwance a ɗaki. Dillalan albasa sun fi kowa cin moriyarta, don kafin a ɗaure buhu sun ji farashin Legas da Anaca.

Intanet kuwa a kafe na fara ganinta, lokacin da duba sakamakon jarrabawa ya koma sai da katin kankarewa. Buɗe jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a 2006 ya ƙara yawan irin shagunan a yankin. Ɗaki ne mai zafi, janareta na ruri a baya, faifan tauraron ɗan'adam a kan rufi, ka biya kuɗin awa guda rabinta ya tafi a jiran shafi ya buɗe. Wata rana wani shafi ya rubuta a gefe cewa mai karatu yana Ingila. Na kira mai shagon na nuna masa. Ya ce, “Ƙanena, ba kai ya gani ba, kamfanin da muke sayen sabis a wurinsa ya gani.”

Bayaninsa daidai ne, kuma har yau bai tsufa ba. Duk na'urar da ta hau intanet tana fita da wata lamba da ake kira IP, wadda shafi ke buƙata don ya san inda zai mayar da amsa. Lambar ta kamfanin sadarwa ce. Kamar lambar mota take: tirela mai lambar Legas tana iya kasancewa a tashar Aliero ana yi mata lodi, wanda ya karanta lambar kawai zai rantse tana bakin teku. Shagunan wancan zamani da yawa ta tauraro suke samun sabis daga kamfanonin waje, shi ya sa aka mai da mu mutanen Turai. Da muka koma hawa intanet a ƙananan Nokia ta Opera Mini, muna hira a 2go, shafukan suna bi ne ta kwamfutocin kamfanin Opera a ƙetare kafin su iso mana, don haka mai shafi su yake fara gani. Ko yanzu, wanda ke Katanga ya buɗe shafi da datar wayarsa, galibi Legas ko Abuja za a ce yake. Abin da shafi ke samu shi kaɗai ke nan: ƙasa, kamfanin layi, irin waya, harshe da agogonta, sai hasashen gari.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne wayoyin shafa, su Tecno da Itel da suka cika kasuwar Jega. Cikinsu akwai GPS. Wayar tana sauraron sigina daga taurarin ɗan'adam aƙalla huɗu, ta lissafa inda take har kusan 'yan mitoci, ta ƙara da turakun sabis da ke kusa. Ita ta sani, shafi bai sani ba sai ta faɗa masa, kuma ba ta faɗa sai mai ita ya danna amincewa. Matsalar ita ce tambayar da Turanci take fitowa, ga ta ƙarama, ta tare abin da mutum ke son gani. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana fataucin albasa, ya taɓa miƙo mini tasa ya ce, “Ɗana, duba mini wanga abu, mi yake so?” Na ce, “Kawu, izini yake nema ya san inda kake tsaye.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To shi ɗin wane ne?” Muka duba, wani shafin labaran ƙwallo ne da jikansa ya buɗe. Ya ce in hana shi.

Wannan tambaya ta Kawu ita ce ya kamata kowa ya riƙa yi. Masu ganinmu a da mun san su, in sun kai ƙara bisa ƙarya akwai inda za a zauna da su. Mai karɓar bayani ta waya ba ka san fuskarsa ba, ba ka san wa zai sayar wa ba. A Nuwamban 2020 jaridar Vice ta Amurka ta ba da rahoton cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokacin salla da alƙibla da ita, tana tura bayanan wuraren masu amfani da ita ga wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma cikin abokan cinikinsa akwai 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, sun kuma yanke hulɗa da kamfanin. Labarin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san malamai da yawa a yankinmu da suka saka irin waɗannan manhajoji da kyakkyawar niyya. Ga kuma manhajojin ba da rance da suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tozarta su, har Google ya hana su taɓa lambobi da hotuna da ainihin wurin mutum daga ƙarshen Mayun 2023.

Kamfanin layi shi nasa daban ne. Muddin waya tana kunne, ya san turken da take kamawa, ba ya neman izinin kowa. An yi rajistar layuka tun 2011, aka zo da haɗa su da lambar ɗan ƙasa a Disamban 2020. Shi ya sa da aka sace ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, tambayar da ke bakin kowa a majalisunmu ita ce, in ana iya gano mai waya, yaya masu garkuwa ke kira suna ciniki? A daji turaku suna da nisa da juna, hasashen yakan rufe kilomitoci masu yawa, layukan kuma sau da yawa na waɗanda aka kama ne. Duk da haka ina ganin tambayar tana nan da nauyinta, kuma hukuma ce ya kamata ta amsa ta.

Ban ce a jefar da GPS ba. Na ga direban da motarsa ta mutu da dare tsakanin Maiyama da Koko ya tura wurinsa ta WhatsApp, makaniki ya same shi kai tsaye. Shi ne ya zaɓi wanda zai sani, kuma na ɗan lokaci. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, amma doka ba za ta riƙe wa mutum yatsa ba.

Roƙona ga samarinmu masu gyaran waya da masu saita ta a Jega da Aliero da Maiyama: in dattijo ko uwa ta kawo muku sabuwar waya, kada ku danna mata amincewa a kan komai don ku gama da wuri. Ku karanta mata da Hausa abin da ake nema, ku nuna mata inda ake kashe GPS da inda ake kunna shi, ku bar taswira da alƙibla su gani lokacin da ake amfani da su kawai, sauran ku hana su.