Ƙwallon Da Ya Fi Bakin Kare

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in gargaɗi 'yan'uwana masu kiwon karnuka don gadi ko farauta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina da wani kare, Duna, mai ƙarfi da zafin nama, ba ya zama wuri ɗaya. In ya rasa abin yi sai ya kori kaji, ko ya tauna takalman baƙi. Don haka yara suka riƙa jefa masa ƙwallon tanis, wanda faɗinsa bai fi inci 2 da rabi ba sai da kaɗan. Ran nan da la'asar ya yi tsalle ya cafe, ƙwallon ya zarce ya toshe masa maƙogwaro. Muka ga ya faɗi yana shure-shure, harshensa ya soma yin baƙi. Allah ya taimake mu da wani maƙwabcina maharbi, ya kwantar da shi rigingine, ya sa manyan yatsu ta waje a ƙarƙashin muƙamuƙi, ya turo ƙwallon har ya faɗo.

Washegari na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya ce mini ƙa'ida ɗaya ce, kada a ba kare ƙwallon da zai shige bakinsa duka. Ya ƙara da cewa gashin ƙwallon tanis ya kan kwashi rairayi, ya goge haƙora kamar zarto.

Sai na sayo ƙwallon ƙafa, ina tsammani na yi dabara. Ashe ba a nan take ba. Kafin magariba ya huda shi ya yayyaga, sai da muka ƙwace guntayen, domin in ya haɗiye suna iya toshe hanji. Daga bisani na sami wani na roba mai tauri, girmansa kamar babbar kabewa, haƙori ba ya kama shi. Da hanci da ƙirji ya ke tura shi, kamar makiyayi da garkensa. A Jamus ma har gasa a ke yi, kare ya kora manyan ƙwallaye 8 zuwa raga.

Amma shi ma babban yana da nasa sharri. Kare mai zuciya ba ya sanin ya gaji, kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke rage zafin jikinsa, saboda haka rana tana iya kashe shi. Ni dai ba na sakar masa sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, minti 10 zuwa 15, ga ruwa a kasko. Filin kuwa mai taushi, nesa da rijiya da hanyar mota da ƙananan yara. In an gama sai in duba hancinsa da dasashinsa, in ɗauke ƙwallon in ɓoye.

Wani zai ce, duk wannan don kare? To, jama'a, dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, za a kuwa tambaye ka. Yanzu Duna ya kan yi barci da rana, ya yi gadi da dare, kajina kuma sun huta.

Wassalam. Ni ne naka,
Mai Kiwon Kare, Zariya.