Taurarin Ɗan'adam da Taurarin Ubangiji

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan uwana matasa, a shekarar 2015 Kwalejin Sojojin Ruwa ta Amurka da ke Annapolis ta dawo da darasin gane hanya da taurari, bayan ta ajiye shi shekaru da dama. Wannan labari ya daɗe yana ba ni abin tunani, domin Amurka ita ce mai tsarin GPS da wayoyinmu suka dogara da shi. Me zai sa mai rijiya ya tanadi ruwa a randa?

Dalilin yana cikin yadda tsarin yake aiki. Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Wayarka tana karɓar saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa lokacin da kowane saƙo ya ɗauka kafin ya iso, sai ta gane inda kake. Amma saƙon yana isowa da rauni ƙwarai, don haka ana iya toshe shi, ana kuma iya aiko da na jabu. A shekarar 2017 jiragen ruwa kusan 20 a tekun Bahar Aswad sun ga na'urorinsu na nuna musu cewa suna kan tudu, a wani filin jirgin sama. A Janairun 2016 kuwa, kuskuren da bai kai ƙiftawar ido ba a lokacin da tsarin ke aikowa ya dagula wasu na'urorin sadarwa na tsawon sa'o'i.

Tauraron sama kuwa babu mai ikon kashe shi ko ƙirƙiro na ƙarya. Matuƙin jirgi yana auna tsayin tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa, ya duba agogonsa, ya koma ga jadawalin taurari 57 da masu tafiyar teku suka zaɓa. Ƙasa tana juya digiri 15 a kowace sa'a, shi ya sa kuskuren daƙiƙa 4 a agogo kan jawo kuskuren kusan kilomita 2 a lissafi. Wannan hanya ba ta kai GPS daidaito ba, kuma gajimare na iya hana ta. Falalarta ita ce ba ta hannun kowa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne sunayen taurarin jadawalin. Aldebaran shi ne Ad-Dabaran, Altair daga An-Nasrud Ɗa'ir yake, Fomalhaut kuma Famul Hut ne, wato bakin kifi. Magabatanmu ne suka raɗa su. Ahmad bin Majid, gwanin tekun Indiya, ya rubuta Kitabul Fawa'id a wajajen 1490, a zamanin da matuƙan Larabawa ke auna tsayin tauraro da ɗan katako mai igiya da ake kira kamal. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci shiryuwa da taurari a Suratul An'am aya ta 97 da Suratun Nahl aya ta 16. Malamai sun bambanta ilimin tafiyar taurari, wanda ake sanin hanya da lokaci da shi, kuma halal ne, da da'awar cewa taurari na da tasiri a kan rabon mutum, wadda bokanci ce.

A ajina na Islamiyya nakan tambayi ɗalibai: idan cajin waya ya ƙare a daji, wa zai nuna mana alƙibla? Wa zai ce azahar ta shiga? Galibi shiru nake samu. Alhali littattafan fiƙihun da ke gabansu da inuwa da alfijir da jan shafaƙi suka siffanta lokutan salla. Kakanninmu ma sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'ya'yanta.

Ba ina cewa a jefar da waya ba, ni'ima ce. Ina cewa mu riƙe asali a ka. Ka kafa sanda a fili: lokacin da inuwarta ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali. Ka koyi gane tauraron arewa. Tsayinsa yana daidai da nisan garinku daga tsakiyar duniya, a Kano kusan digiri 12 ne, wato ɗan sama da dunƙulen hannu idan ka miƙe shi. Alƙiblarmu gabas ce mai karkata zuwa arewa. Sannan a ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskance ta a wannan lokaci ya fuskanci alƙibla. Ka gwada a gidanku, ka ja layi a ƙasa, ka koya wa ƙannenka.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya shiryar da mu a duhun tudu da na teku. Wassalamu alaikum.