Hunturun Nima

An ɗaura mana aure a Kano a watan Satumban 2023, bayan mako uku na bi maigidana zuwa Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Shi Bakatsine ne, yana aiki da masu fito da kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema. Ni kuma na bar aikina na rediyo a gida, na samu wani ƙarami a nan, shirin mata sau biyu a mako. Muka kama ciki da falo a wani gidan haya a Nima, ba nisa da Maamobi.

Kafin na taho kowa ce mini yake ba zan yi baƙunta ba, ai Zango gida ne. Gaskiya ne ana kiran sallah ta kowace kusurwa, da safe ga koko da ƙosai, ga shinkafa da waken da suke kira wace. Amma da na buɗe baki a kasuwar Nima sai a ce, "Wannan Hausar rediyo ce." Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Ranar farko da Hajiya, tsohuwar gidanmu, ta ce mini "Amariya, ka zo ka ci tuwo," sai da na waiga ina neman wanda take kira.

Alkawarinmu shi ne Disamba a gida, don a watan za a aurar da ƙanwata. Sai mai gidan da muke haya ya zo da maganar sabon kuɗi, kuma a Accra ba a biyan wata-wata, shekara ɗaya ko biyu ake karɓa a dunƙule. Abin da muka tara na hanya, Aflao, Lome, Kwatano, Legas har Kano, duk ya tafi can. Da daddare ya gaya mini, kansa a ƙasa. Ni da ake biya don na yi magana, kwana uku ban ce masa komai ba bayan gaisuwa. Kamun amarya a waya na kalla, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne hunturun kansa. A Kano iska ce mai fasa leɓe, Inna ta hura gawayi a kasko bayan magariba, mu zagaye shi da gyaɗa da hira. A nan ɗan hazo ne ke rufe sama, ana kwana da fanka, amma mutane na ta kukan sanyi ya zo. Ga hutun 25 da 26 ga wata, gari ya cika da kiɗan Kirsimeti da suke kira Bronya, mu biyu a ɗaki ba wurin zuwa, ba a ga maciji.

Da sassafen Litinin ɗin aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciyarmu ce, Kirista 'yar kabilar Ga da kowa ke kira Anti, riƙe da kaji biyu. Maigida take nema ya yanka mata, don Musulmin gidan su iya ci. Ashe duk shekara haka take yi. Da la'asar sai ga kwano cike da dafa-duka. Na wanke zan mayar, Hajiya ta tare ni a tsakar gida.

"Amariya, a garinku haka ake mai da kwano?"

Na ji kunya. Na duba abin da ke ɗaki: garin wake, garin rogo, kuka, kanwa. Ɗanwake ke nan, abincin da a gidanmu ba a ba baƙo. Washegari na kwaɓa, na kira shi don dole ya riƙe mini tukunya, da haka magana ta dawo tsakaninmu. Shi ya daka yaji, ya kuma cika gishiri.

Anti ta ci ta nemi ƙari. Hajiya kuwa ta kai loma ɗaya ta tsaya, ta ce rabonta da shi tun kakarta na da rai. Sabon aiki ya sa na ɗauko na'urar naɗar murya. Ta ce kakanta Bakano ne, fatauci ya kai shi Gwanja neman goro, ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa garin a 1892 ya gangaro kudu tare da sauran fatake. Kullum yana cewa baɗi zai koma, har aka binne shi. Ita kanta ba ta taɓa ganin Kano ba, amma ta san sunan Kurmi da Dala. Ta fi awa tana magana, jikokinta da ba su taɓa jin labarin ba suka ajiye wayoyinsu.

Kowa ya ji daɗi, ni tsoro ya kama ni. Da daddare na ce masa, "Malam, kada mu zama masu cewa baɗi." Bai yi mini rantsuwa ba, na kuma gode masa da hakan. Ya ɗauko littafi muka rubuta: Babbar Sallah a gida ko da bashi, Disamba a Nima.

Mun je Sallar 2024. Da Disamba ta zagayo, Anti ta kawo kajinta, ni na sayi babbar tukunya, Hajiya ta gayyato ƙawarta daga Sabon Zango wadda iyayenta Zabarmawa ne, ita ma na naɗi muryarta. Inna ta kira ana tsakiyar hayaniya. Da ta ji abin da ake yi sai muryarta ta canja.

"Ke, Kirsimeti kuka koma yi?"

Na ce, "A'a Inna, ɗanwake muke yi." Ba ta gamsu ba, har yau takan tayar da maganar. Amma watan jiya ta ba wani direba kuka da daddawa ya kawo mini, da zannuwan goyo biyu. Hajiya ta riga ta ce ita za ta yi wa jaririn wanka, kuma na san a bakinta zai koyi ce mini "ka zo".