Wasiƙa zuwa ga Sabi'u kan 'yan tsakin da ke tangaɗi

Aminina Sabi'u,



Saƙonka ya iso, Allah ya mayar da alheri. Ka ce 'yan tsakin satinsu uku, suna tangaɗi su faɗi, kan ya lanƙwashe baya, alhali ka yi musu rigakafin Niyukasul a kan kari. To, kada ka ƙara kashe kuɗi kan magani tukuna. Ɗauki biyu ko uku daga cikin matattun ka kai wa likitan dabbobi ya buɗe, don Niyukasul ma tana murɗe wuya, ni kuwa daga nan Zariya ba zan yanke hukunci ba. Amma abin da ya tsaya mini a rai buhunan abincin nan ne da ka saya da araha tun Janairu ka jibge a ɗakin kwano. Ina zargin ƙarancin bitamin E.

Na san za ka ce ai an rubuta a jikin buhu akwai shi. Akwai shi ranar da aka haɗa. Ka san yadda man gyaɗa ke canza wari in ya daɗe a buɗe cikin zafi? Iskar oksijin ce ke cin man. Abin nan yana faruwa a cikin jiki ma, domin fatar kowace ƙwayar halitta da maiƙo aka yi ta, kuma numfashi kansa yana haifar da wasu burbushin sinadarai masu kai mata hari. In suka taɓa maiƙo guda, shi ma sai ya taɓa na kusa da shi, ɓarna ta yi ta yaɗuwa. Bitamin E na zaune cikin wannan maiƙo, shi ke katse yaɗuwar, sannan bitamin C ya farfaɗo da shi ya koma aiki. To, abincin da ke da tunkuza ko garin kifi in ya sha zafin Maris, bitamin ɗin ya ƙare wajen kare man da ke cikin buhu. Tsako ya ci lalataccen mai, buƙatarsa ta ƙaru, kariyar kuma babu. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya ke fara laushi. Masu bincike Pappenheimer da Goettsch sun bayyana wannan cuta a Amurka tun 1931.

Abin dariya, shi ma bitamin ɗin ta dalilin kitse aka gano shi. A 1922 Herbert Evans da Katharine Bishop na Jami'ar Kalifoniya suka ga berayen da suke ciyarwa da abinci mai kitse suna ɗaukar ciki amma 'ya'yan na mutuwa a mahaifa, sai da aka ba su latas ko ƙwayar alkama. Daga nan mutane suka liƙa masa sunan maganin haihuwa, wanda ni dai ina ganin an zuzuta.

Jiki kuma yana da zaɓe. Bitamin E iri 8 ne, duk suna shiga ta hanji tare da maiƙo, da taimakon ruwan maɗaciya. Amma hanta guda ɗaya take fifitawa, alfa-tokoferol, shi take turawa cikin jini; sauran yawanci ta farfasa su a fitar.

Tunda kana da tumaki, ga wani abu. A 'yan raguna da maruƙa ƙarancin a tsoka yake bayyana: ƙafa ta sage, ɗan ya kasa tashi ya sha nono, in an yanka a ga tsokar ta yi fari-fari, wani lokaci har ta zuciya. Nan siliniyam yana da hannu, shi ne ma'adinin da aka gano a 1973 cewa yana cikin sinadarin da ke share ɓarnar maiƙon da na ambata. Ɗanyar ciyawa cike take da bitamin E, busasshiyar harawa da ta kwana biyu a rumfa kuwa kaɗan ya rage mata. Ga shi bitamin E ba ya ratsa mahaifa sosai, don haka dakashi ne madogarar jariri. Ka ja wa yaronka kunne ya tabbatar kowane ɗan rago ya sha tun ranar farko. Allurar siliniyam kuma kada ka yi ta da ka, in ta yi yawa guba ce.

Su kajin, siliniyam ba zai hana ciwon ƙwaƙwalwar ba. Canza abinci yau, ka sa musu bitamin E a ruwan sha yadda likita ya auna. Waɗanda suka riga suka kwanta da wuya su tashi, sauran garken muke ceto. Nan gaba sayi na sati biyu ko uku kawai, ka ɗora kan katako a inuwa.

Ka kira ni da zarar likitan ya gama. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bala