Wasiƙa zuwa Riko daga gaɓar Kogin Rhin

Kawu,

Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Ya aikin gona, ya kuma sha'anin tsaro? Allah Ya kawo mana ƙarshensa.

Kun tambaye ni abin da mutanen nan suka fi riƙewa da daraja. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suke lallaɓa mutanensu na bakin iyaka. Strasbourg, inda nake karatun tattalin arziki, a Faransa yake. Da an haye gada an shiga Kehl, ƙasar Jamus. Tun 2017 jirgin ƙasa na cikin gari ke kai mutane can. Da safe sai ku ga tsofaffin mata da ɗan keken cefanensu za su sayo sabulu da man shafawa, don sun fi araha a ƙetare. Alhali ƙasashen nan biyu sau uku suna gwabza yaƙi tsakanin 1870 da 1945. Ko da Jamus ta dawo da binciken takardu a 2024, dubawa kawai ake yi a wuce, ba a toshe wa kowa hanyar abinci ba.

Mu fa? Sarakunan Katsina ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi, harshenmu ɗaya, ga auratayya. Amma a Agustan 2019 aka wayi gari an garƙame iyakarmu da Nijar saboda shinkafa 'yar waje, daga baya aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa har Maris 2024. Kun fi ni sanin yadda tireloli suka yi layi, 'yan dako da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a Magama suka koma zaman kashe wando.

A aji ana nanata mana cewa kowace manufar gwamnati tana da mai cin riba da mai asara, kuma wajibi ne a ƙirga mai asarar tun kafin a sa hannu. Da aka rufe iyaka, mai injin casar shinkafa a Kano ya samu, ban ƙi ba. To wa ya ƙirga ɗan acaɓan da ke kai fasinja garin Ɗan Isa a ƙetaren iyaka? A nan manoma ba sa jira a tuna da su: a Janairun 2024 taraktoci suka jera a manyan hanyoyin shiga Paris har gwamnati ta sassauto. Wannan halin nake mana kwaɗayi.

Sai dai tausayin nasu bai cika wuce gida ba. Turan nan da ta buɗe iyakokinta ita ce ta matsa wa Nijar, ta kuma ba da kuɗi, a zartar da dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure ta Agadas. Direbobi da masu masauki suka rasa sana'a, har sai da sojoji suka soke dokar a Nuwamban 2023. Abin yana ci mini rai duk sanda aka kawo Afirka a matsayin misali a allo.

Don haka na ƙudurta rubuta kundin kammala karatuna a kan cinikin Jibiya da Maraɗi. Ina roƙon ku sa ƙanena ya riƙa rubuta mini farashin tiyar gero da wake duk ranar kasuwa, da yadda 'yan canji ke sayar da jakar sefa. In akwai tsofaffin direbobin da za su yarda mu yi magana ta waya, ku nema mini izininsu.

A gaida Inna, a ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku.